Wutar Jegon da Inna Ta Kashe

'Ya'yana, na daɗe ina jin abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je hutu Gangara, wai na fifita na'ura a kan jaririyata, wai kuma kakarku Inna ta yi sakaci da ni a jegona na fari. Kukan dawo ku tambaye ni, ni kuma in yi dariya in kawar da zancen. Yanzu idanuna sun fara gajiya da hasken ordinata, wato kwamfuta, furfura ta daina ɓuya a ƙarƙashin ɗankwali, sai na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Inna ba ta nan balle ta faɗa da bakinta, kuma ko tana nan ɗin na san ba za ta faɗa ba.

Ni dai tun ina 'yar makaranta a lakol yarinyar littattafan soyayya ce. Ranar kasuwar Gazawa akwai mai tebur da ke kawo su daga tsallaken iyaka, masu bango mai hoton fure da budurwa ta sunkuyar da kai, nakan karɓi haya in ɓoye su cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa miji shi ne mai shigowa da turare da wasiƙa, mai kiran matarsa da sunan da ba wanda ya taɓa ji. Sai Allah ya haɗa ni da babanku, mai gyaran injin niƙa da gurup, injin ba da lantarki, a Agiye, mutumin da in ka ji ya yi doguwar magana to wani inji ne ya lalace. Shekarar farko ta aurenmu na sha kuka a ɓoye. Bai taɓa cutata ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ya dame ni shi ne ban taɓa jin ya ce idanuna sun yi kama da wani abu ba.

Aikina a lokacin yana wata ƙungiyar koparatif ta manoma, babban buronta, wato ofishinta, a Agiye, mangazunta na ajiya a warwatse daga ƙasar Gazawa har bayan Gidan Rumji. Duk harkar ƙungiyar tana tafiya ne cikin tsari guda na ordinata: sunan manomi da garinsa, irin da ya nema, takin da za a ba shi, buhun da ya isa wace mangaza, motar da ta kai shi. Duk wannan yana zaune cikin rumbun bayanai, a cikin wata babbar na'ura da muke kira sarbar, a wani ɗan ɗaki mai sanyi a bayan buro. Ni ke riƙe da mabuɗin wannan rumbu. Ni ke buɗe wa kowane ma'aikaci ƙofar da ta dace da shi, in rufe masa wadda ba tasa ba, in gyara in ta rikice, in tabbata kullum an yi kwafin komai a kan diski. Diskin biyu ne. Ɗaya yana maƙale jikin sarbar, ɗaya kuma yana can wata mangaza ta ƙauye bayan Gidan Rumji, a riƙa musanya su duk lokacin da motar kaya ta je. Dalilin shi ne in wuta ko ɓarawo ya ci na gida, na nesa ya tsira. Ina son aikin nan ƙwarai. Nakan zauna da yamma ina kallon sunaye suna wucewa a allon ordinata, in riƙa ƙirƙira wa kowane suna labari, wannan gwauro ne mai neman aure, wannan kuma matarsa ta yi yaji.

Daminar da ta gabata ta yanke da wuri, mutane da yawa suka cinye har irin da suka ɗaure don shuka. Saboda haka ƙungiyarmu ta samo taimakon irin gero mai saurin nuna da na wake, kowane manomi ya zo aka sa sunansa da abin da yake bukata. Waɗanda suka ba da irin sun kafa sharaɗi, buhu ba ya fita daga mangaza sai na'ura ta fidda sunan mai shi, wanda kuma ya saɓa za a janye taimakon daga ƙungiyar baki ɗaya. Na rufe rajistar da ƙaton cikina ina haki, na yi kwafi na ƙarshe da hannuna, na ba direba ya kai Gidan Rumji, sannan na shirya tafiya gida goyon ciki.

Wanda na bar wa amana shi ne kwantabul ɗinmu mai riƙe da lissafin kuɗi, Malam Sanusi, dattijo mai kunya wanda duk zaman da muka yi a buro ɗaya bai taɓa kallon fuskata ba. Na nuna masa wata alama a allo. In ta yi kore, kwafi ya yi. In ta yi ja, akwai matsala.

"In ka ga ja, Malam, ka kira ni. Ko naƙuda nake yi, ka kira ni."

"Subhanallahi, Madam," ya ce yana kallon takalminsa. "Allah dai shi sauke ki lahiya."

Ku da kuka san Inna tana tsohuwa mai zaman tabarma ba ku san ko wace ce ita a Gangara ba. Ita ce ake kira in mace ta haihu. Tana da wata ƙatuwar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai ruwan wanka, ta san ganyen da ake sawa da wanda ba a sawa, ta san zafin ruwan da ke fidda sanyi daga ƙashi ba tare da ya ƙona fata ba. Mata sukan yi alfahari su ce Inna ce ta yi musu wanka. To ga ɗiyarta ta cikinta ta zo haihuwar fari. Ranar da aka haife ki, ke babbarsu, Inna ta karɓe salulata ta jefa cikin kwalla ta rufe. Ta toshe tagar ɗakin da tsummoki, ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, wutar da ba ta mutuwa dare da rana har sai an yi arba'in. Safe da yamma ruwan zafi da ganye, kunun kanwa, nama da yaji har hawaye. Maijego ba ta fita, iska ba ta taɓa ta. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan. Ina kwance cikin ɗumi ina mafarkin babanku zai aiko da wata 'yar takarda. Ranar suna ya zo ya tsaya can zaure kamar yadda suruki ke yi, ya aiko da ƙauri da sabulu da zane. Na zazzage ƙunshin har sau biyu, ba ko harafi.

Ana cikin haka, wata la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa mai yawa da tsawa mai girgiza ƙasa, ruwan shuka na farko. Ina jin yara suna ihu cikin ruwa, mata suna guɗa. Washegari da safe na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sai ga sallamar Alhaji Maman, shugaban ƙungiyarmu. Inna ta bari ya shigo tsakar gida shi da Malam Sanusi, aka shimfiɗa musu tabarma nesa da ƙofata, ni kuma ina bayan labule.

"Madam Rabi, barka da arziki. Wallahi ba don dole ba da ba mu zo ba. Tsawa ta faɗa kan buro jiya. Mijinki ya duba, ya ce sarbar ta ƙone, da ita da diskin da ke jikinta. Yanzu haka mutane sun cika ƙofar mangazu da amalanke, masu mangaza kuma sun ce ba su buɗewa sai sun ga suna."

Na daure na ce ba komai, ai akwai diskin Gidan Rumji, na tambayi Malam Sanusi yaushe aka musanya shi na ƙarshe. Ya dubi takalminsa. Alhaji ya ce masa ya yi magana mana.

"Madam, ba a musanya ba. Abin nan ya yi ja tun kafin suna. Da na ga haka sai na ji tsoron taɓa komi."

"Malam! Ban ce ka kira ni ba?"

"Na kira sau ɗaya, ba a ɗauka ba, sai na gode ma Allah. Yaya za ni kira matar mutum tana ɗakin jego in ce mata abu ya yi ja? Mi za ta ɗauke ni?"

Na so in yi fushi, sai na ga ashe kunyar nan tasa da ta jawo mana ɓarna ita ce kuma ta tsare mu. Da ya aika an musanya, da yanzu diskin mai kyau shi ne ya ƙone a Agiye, na can kuma ba komai a kansa. Wanda na yi da hannuna yana nan lafiya, kuma rajistar iri duka tana ciki. Na ce a ɗauko shi, a nemo wata ordinata a buron Gazawa, zan iya tayar da komai a kanta. Alhaji ya ce motar kaya ba ta iya isa ƙauyen, korama ta yanke hanya, amma mijina tun da ya ji sunan Gidan Rumji daga waje ya tayar da motonsa mai ƙafa biyu ya tafi. Ashe babanku yana bakin ƙofa duk lokacin nan, ko gaisuwa bai aiko mini ba. Sannan Alhaji ya juya wajen Inna, ya sassauta murya.

"Inna, alfarma muka zo nema. Ki ba mu ita mu kai ta Agiye gobe. Mota ce, a rufe take, mu maido ta da kanmu."

"Alhaji, kai ka haife ta?"

"A'a, Inna."

"To ni na haife ta. Jikinta ɗanye ne. Ko gwamna ya zo ba ta taka ƙofar nan."

Suka yi ta roƙo, ta yi kamar da bango suke. Da suka koma zaure na kira ta, na yi abin da 'yan matan littattafaina ke yi, na fashe da kuka na riƙe ƙafarta. Na ce mata ba wani a duk yankin da ya san yadda ake tayar da tsarin nan sai ni, kafin a kira wani daga Yamai ƙasa ta bushe, kuma wa ya san ranar da wani ruwan zai sake zuwa. Na ce zan tafi ko da ba ta yarda ba. Ta zare ƙafarta ta fita, ina leƙenta ta gefen labule. Ta je bakin garka ta durƙusa, ta tura hannunta cikin ƙasa har ya wuce wuyan hannu, ta damƙo ta matse, ta buɗe tafinta tana kallo. Ta daɗe a haka. Ita manomiya ce kafin ta zama komai, ta fi mu duka sanin kwana nawa laimar nan za ta yi. Ita tana da irinta a rumbu, amma ta san gidajen da ba su da ko tsaba. Ta miƙe ta kakkaɓe hannu ta nufi zaure, na ji muryarta har ɗaki.

"Alhaji, shi injin naku jego yake yi?"

"A'a, Inna."

"To shi a ɗauko shi. Ita ba ta tahiya."

Haka aka yi. Da yamma motar Alhaji ta kawo ordinata daga Gazawa da ƙaramin gurup. Namiji ba ya shiga ɗakin maijego, don haka Inna da Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, su suka yi gammo suka ɗauko ta a ka kamar tulu, Gwaggo tana tambaya ko tana cizo. Aka ɗora ta bisa turmin da aka kife a gefen gado. Washegari da hantsi na ji ƙarar moton babanku. Bai shigo ba. Ya zagaya bayan ɗaki ya kafa gurup, Inna ta zare tsumma ɗaya tak daga taga, aka zuro waya ta ɗan ramin. Sannan ta je zaure ta karɓo diskin ta kawo mini, a naɗe cikin leda da ɗankwalina da na manta a Agiye. Da na warware na ji shi da ɗumi. Inna ta ce a cikin rigarsa ya zaro shi, daga kan ƙirji. 'Ya'yana, na karanta littattafai sun fi a ƙirga, ba a taɓa ba wata budurwa a cikinsu kyautar da ta kai wannan ba.

Na fara aiki, jaririya tana barci a gefena. Na girka tsarin a kan sabuwar ordinata, na fara juyo bayanai daga diski. Aiki ne da in ya katse a tsakiya sai an koma farko. Ya yi nisa, sai na ji fankar cikin na'urar tana kuka kamar za ta tashi sama, allo ya yi baƙi. Na taɓa jikinta, zafi kamar marfin tukunya. Na jira ta huce na sake, ta sake mutuwa tun ba ta kai inda ta kai ɗazu ba. Na san abin da ke faruwa. Ɗakin da aka toshe, ga garwashi a ƙarƙashin gado, ga tururin ruwan ganye, abin da ke warkar da ni shi ke kashe ta. Kuma duk mutuwar da ta yi tana cikin karanta diskin, ina tsoron wata mutuwar ta tafi da shi, shi ke nan mu da rajista har abada. Na ce ko a fitar da ita tsakar gida in zauna bakin ƙofa, Inna ta ce wannan ai fita ce. Gwaggo ta kawo maficin kaba ta yi ta yi wa na'urar fifita, iskar zafi kawai take kaɗawa.

"Inna," na ce, "ba ta iya zafi. Sai an kashe wuta an buɗe taga."

Gwaggo Hajo ta saki maficin.

"Ke Rabi, kina da hankali? Yaya, kada ki saurare ta. Wutar jego? Ke da kike yi ma 'ya'yan mutane faɗa in wutarsu ta yi sanyi? In kika kashe wutar nan, kafin azahar Gangara duka ta ji."

Inna tana tsaye, ta dube ni, ta dubi jaririya, ta dubi baƙin allon. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ku gane, a wurinta wannan ba al'ada ce kawai ba. Ta ga matan da suka kumbura bayan haihuwa suka mutu, kuma a saninta sanyi ne ya kashe su. Abin da nake roƙonta shi ne ta buɗe wa mutuwa taga a kan ɗiyarta da hannunta.

"Har yaushe?" ta ce.

"Zuwa la'asar, in Allah ya so."

"In na kashe, Tsahara za ta samu iri?"

Tsahara maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu cikin rani ya bar ta da yara. Na ce in sunanta yana ciki za ta samu.

Inna ta buɗe akwatinta ta fiddo duk zannuwan da ta mallaka, har na adon da ba ta ɗaurawa sai salla, ta naɗe ni da su ɗaya bisa ɗaya, ta ƙara bargo, ta ɗaure mini kai da kunnuwa, ta bar mini ido da yatsu kawai. Ta ɗauki jaririya ta goya a bayanta. Sannan ta kwashe garwashin cikin kasko ta fitar, ta ɗebo ruwan da ta dafa don wankana ta zuba a kan sauran. Har yau ina jin ƙarar da wutar ta yi. Ta zare tsummokin taga ɗaya bayan ɗaya, ta yaye labule. Iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ratsa ɗakin. Gwaggo ta ja mayafinta ta fita tana salati.

Ta wannan taga na ga babanku, karon farko tun da na bar Agiye. Yana zaune bisa dutse kusa da gurup, laka har gwiwa, gefen hannunsa ya ƙuje, idanunsa jajur. Ya ɗaga kai ya ga wani tulin zannuwa mai ido biyu yana kallonsa. Zuciyata ta ce yau dai zai faɗi wani abu.

"Kuran yana zuwa daidai?" ya ce, yana nufin lantarki.

"Yana zuwa."

"To."

Ya sunkuya ya taɓa wayar da ba abin da ya same ta. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Gidan ba daɗi."

Inna tana tsaye a bayana, ta yi tari, ta ce da bango wai wasu mutane ba su da ta ido, a gidan surukai ma sai sun yi zance. Amma na ga ta fita, jim kaɗan sai ga ƙwaryar fura an miƙa ta saman darni.

A karo na uku na'urar ba ta mutu ba. Ina kallon layin yana cika a hankali, ina karanta duk addu'ar da na sani, haƙorana suna kaɗawa, ban sani ba ko sanyi ne ko tsoro. Da ya gama na buɗe tsarin na shiga, sai ga garuruwa sun jeru, ga mangazu, ga buhuna. Inna ta matso ta leƙa ta saman kafaɗata, ita da ba ta san harafi ba.

"Nemo min Tsahara."

Na rubuta. Na karanta mata: Tsahara matar marigayi Idi, Gangara, gero da wake.

"Ita ce," Inna ta ce. "To kashe shi su ɗauka."

Na sabunta wa masu mangaza ƙofofinsu, na yi wani kwafin, aka fitar da na'urar. Kafin motar Alhaji ta bar ƙofar gida Inna ta riga ta toshe taga ta hura sabuwar wuta. Ta buɗe kwalla ta miƙo mini salulata, ta ce in gama da su in maido. Ina kwance bisa gado mai ɗumi na yi ta gaya wa Malam Sanusi wace waya za ta shiga wane rami a buron Agiye, babanku yana gefensa yana haɗawa, shi kuwa Malam duk abin da na faɗa sai ya ce a gafarce shi, Madam. Kafin rana ta faɗi mangazu suka fara buɗewa. Washegari tun da sassafe na ji amalanke suna shigowa Gangara, na ji gari ya watse, ba kowa sai tsofaffi da kaji. Inna ta yi mini wanka, ta bar ni da Gwaggo, ta ɗauki sungumi ta bi Tsahara gona.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama ni, mai tsanani, har nonona ya ja baya aka riƙa kai ki wurin wata mai goyo a maƙwabta. Likitan da aka kira ya ce masassarar sauro ce, ta damina, ba ruwanta da taga. Ba wanda ya saurare shi. Gari ya riga ya yanke hukunci: Inna ta kashe wutar jegon ɗiyarta saboda injin Nasara, ga sakamako. Na warke, amma daga wannan shekara ba a ƙara aiko wa Inna cewa wance ta sauka ba. Matan da ta wanke, da 'ya'yansu da suka ci geron wannan iri, suka koma kiran wata. Ba gaba suka yi da ita ba, suna gaishe ta, suna kawo mata tuwon suna, amma ba mai ba ta ɗiyarsa. Tukunyar nan tata ta ƙare a kife a bayan ɗaki, kaji suna ƙwai a gindinta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ita kanta ba ta yarda da likitan ba. Duk damina in na ce bayana yana ciwo, sai ta tashi ta ɗora ruwa. Har ta koma ga Allah tana ganin ta cutar da ni, kuma duk da haka ban taɓa jin ta ce da ta sani ba. Na yi shekaru masu yawa bayan nan ina riƙe da rumbun bayanai, na koya wa wasu don kada aiki ya sake rataya a wuyan mutum ɗaya, an sa mana kariyar tsawa, kwafi ya koma tafiya ta rezo, wato intanet, ba sai an hau moto ba. Duk abin da na zama a wannan aiki, da abincin da kuka ci daga gare shi, Inna ce ta biya da abin da ta fi ƙauna a duniya bayan mu.

Ranar da na yi arba'in, bayan an yi mini kitso da lalle, ana shirin maida ni Agiye, Inna ta ce in ɗauko mayafi in raka ta. Na ɗauka gidajen dangi za mu shiga ban kwana. Sai ta bi da ni ta bayan gari. Rabona da ganin sarari tun kafin haihuwa, hasken ya sa ni lumshe ido. Da na buɗe, ko'ina kore ne, layi-layi har inda ido ya tsaya, ana ta noman farko. Muka tsaya a bakin gonar Tsahara. Tana can tsakiya da yaranta, ta ɗaga hauya ta gaishe mu. Inna ta durƙusa ta kama wani gero da ya kai tsawon tafin hannu, ta ɗan ja shi a hankali, ya ƙi fitowa.

"Ya kama," ta ce.

Na shirya maganganu masu yawa tun ina ɗaki, masu daɗi, irin waɗanda ake rufe littafi da su. Na buɗe baki na ce, "Inna, na gode," sai sauran suka maƙale.

Ba ta dube ni ba. Ta cire wata ciyawa a gindin geron ta yar, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kamo bakin mayafina da ya zame ta ja shi ta rufe mini kunne.

"Iska ake yi," ta ce. "Mu koma."